Akun gwaggona da takunkumin wuya: yadda muka yi da Ɗan Duwala

Ranar da ƙanwata ta turo min hoton a WhatsApp wallahi na ɗauka kaza ce aka fige za a soya, sai da na ja hoton sosai na ga jar wutsiya da wanga kai mai ruwan toka sannan na gane Ɗan Duwala ne, akun gidan gwaggona da ke kartiyen Zariya nan cikin Maradi. Daga gindin wuya har tsakanin ƙafafu babu gashi ko ɗaya, fata ce kawai ja-ja, amma kan nan sumul kaman wanda aka gyara za a kai biki. Ni ba likita ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Kiwon tantabara nake tun ina lakwal, kuma na yi ƴan shekaru ina bin wani likitan dabbobi muna allurar kaji, to shi ya sa duk abin da ke da fiffike a dangi in ya samu matsala ni ake kira. Duk abin da ya faru na rubuta shi a kaye rana bayan rana, har da wautar da na tafka wadda ta kusa kashe tsuntsun, daga nan nake kwaso wanga labari.

Mijin gwaggo, Alhaji, Allah ya jiƙan shi, shi ya zo da akun daga Kamaru a 2009 lokacin yana fatauci can, sunan ma daga garin Duwala na can ya samo asali. Irin akun nan ne mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda gidansu na asali shi ne kurmin Kamaru da Gabon da Kongo, inda ruwan sama ke zuba kusan duk shekara, iska ma jiƙe take. In sun samu kula suna wuce shekara 40 a hannun mutum. Muna ce mai "shi" ne kawai don baki ya saba, namiji da macen irinsu kama ɗaya gare su, ba a rabe su da ido. Shekara 14 kejin shi na rataye ƙarƙashin rumfar ƙofar gida inda Alhaji ke shan shayi da abokanai, in an yi la'asar a buɗe mai ya hau kafaɗa, a ba shi rake, in Alhaji ya gama alwala ya yayyafa mai sauran ruwan buta ya buɗe fiffike yana ihu. Ya iya tarin Alhaji, ya iya kukan salular shi, ya iya odar kabu-kabu, kuma ya iya "Hajiya! A kawo ruwa" da muryar mai gidan sak, har gwaggo ta sha fitowa da kwanon sha ta tarar ba kowa.

Alhaji ya rasu tsakiyar watan Satumba 2023. Ran sadakar uku gida cike da mata, sai akun ya yi tarin nan, ya kuma ƙwala "Hajiya!". Waɗanda ke wurin sun ce gidan ya rikice da kuka, gwaggo ta shige ɗaki ta rufe. A ranar aka ɗauke kejin aka kai wani lungu bayan kicin aka lulluɓe da tsohon zane. Ba mugunta ba ce, ko ni ne ina jin haka zan yi. Amma lungun nan nan ne gurup, wato injin ba da wuta, yake, kuma kun san lokacin da ake ciki, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa ma ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke kuran ta rufe iyaka, to gurup ɗin nan daga magariba har tsakar dare yana ruri yana hayaƙi, ga ƙwan lantarki a saman kejin. Tsuntsun da ya saba da mutum goma a gaban shi kullum ya koma ba ya ganin kowa sai yarinyar da ke zuba mai gujiya da safe ta wuce. Sai kuma hunturu ya shigo ya ƙarasa.

Na je na gan shi ran 17 ga Disamba. Abu na farko da na duba shi ne kai, don nan amsar take. Aku ba ya iya kai baki ga kan shi, saboda haka in ka ga jiki fige kai lafiya lau, kuma shi kaɗai ne a keji, to shi ke fige kan shi da kan shi. Akwai wata cuta ta bairus da ke kama dangin aku tana lalata gashi da baki, ita ba ta barin kai, gashin ma yakan fito a murɗe ya karye, kuma farar hodar nan da ke jikin su takan ɓace har baki ya koma baƙi yana ƙyalli. Ɗan Duwala na shafa bayan shi hannuna ya fito fari kaman na taɓa alli, bakin shi ma da hodar shi. Na haska ƙarƙashin fiffike da tocila ban ga ƙwarƙwata ba, na sa aka shimfiɗa farin ƙyalle bisa kejin da dare don irin ƙananan jajayen ƙwarin nan na akurkin kaji da ke fitowa cikin duhu, da safe ba komi. Na ari sikeli na lantarki wurin wata maƙwabciya mai yin gato, muka sa shi cikin kwali muka auna muka cire nauyin kwalin, giram 425. Ga irin shi ba laifi.

Abincin ne ya ba ni haushi. Gujiya, gujiya, gujiya, sai ɗan tuwon da ya kwana. Na fasa wasu daga cikin buhun na ga hunhuna a ciki. Mu nan ƙasar gujiya ce, muna ganin gata ne mu cika ma aku kwano da ita, alhali mai ne ya yi mata yawa, babu bitamin A ɗin da fata ke buƙata, babu isasshen sinadarin kalsiyam wanda irin wanga aku an san su da saurin rasa shi, kuma mai hunhuna tana taɓa hanta tana kawo ciwon huhu. Wanka kuwa tun da Alhaji ya kwanta ciwo ba wanda ya ɗiga mai ruwa. Ka duba fa, mu da aka haifa nan leɓenmu fashewa yake cikin Disamba, ƙafa ta yi faso, to ina ga ɗan kurmi.

Mutanen gida kam ba su zauna ba, kowa da maganin shi. An shafa mai man shanu, an shafa ruwan maɗaci wai in ya ji ɗaci zai bari, wata ta ce kambun baka ne aka karɓo rubutu aka zuba a ruwan sha, wani yaro har kananzir ya kawo shawara don haka suke ma kaji, Allah ya sa ba a bi tashi ba. Addu'a ba ni da ja da ita. Man ne matsala, duk abu mai maiƙo in ya taɓa gashin tsuntsu sai ya manne, shi kuma ya duƙufa sai ya cire shi, kenan ka ƙara mai dalilin figa. Na kuma tarar da wani pomad na farmasin tebur mai kortizon an aje za a fara shafawa, na sa shi a aljihu na tafi da shi, irin wanga magani tsuntsu ba ya ɗaukar shi, yana karya mai garkuwar jiki.

A lokacin ban yi maganar kwala, wato abin da ake sa ma wuya don hana baki kai ga jiki, ba ko kaɗan, don gashi kawai yake cirewa, fata ba rauni. Na shiga wurin gwaggo tana zaune bisa tabarma da casbi, tana cikin takaba, na durƙusa na ce Hajiya ku yi haƙuri, tsuntsun nan kaɗaici ke cin shi, a maido shi cikin mutane. Ta daɗe ba ta ce komi ba sannan ta ce "Ɗana, ba ni iya jin muryag ga. In shina kira sai in ga kaman in na leƙa zan gane shi zaune." Mi zan ce? Na yi shiru. Na dai sa aka matsar da kejin daga gurup, aka canza abinci, na tafi. Yanzu in na tuna ina ganin da na roƙa a kai shi gidana ko na sati biyu ne da ba a kai ga jini ba, amma kunya ta hana ni, kar a ce daga rasuwa na fara kwasar kayan mamaci.

Ran 5 ga Janairu 2024 da sassafe aka kira ni, jini a sanda, jini a ƙasan keji. Ya bar gashi ya koma cin nama, daidai bisa ƙashin ƙirji ya haƙa rauni kaman faɗin dala ashirin. Nan ne magana ta canza. Aku mai figa yana iya shekaru a haka, muni ne kawai da jin sanyi, amma mai cizon naman shi kwana kaɗan ya isa, fatar wurin siririya ce ƙashi na nan kusa, kuma duk jinin da ke jikin tsuntsu mai nauyin nan bai wuce mililita 40 ba, kaman cokalin cin abinci uku. Na naɗe shi da tawul, na riƙe kai daga baya, ban matse ƙirji ba don tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, in ka damƙe shi kaman yadda muke damƙar ɗan akuya sai ya mutu a hannunka. Na danna wurin da auduga har jinin ya tsaya, muka hau kabu-kabu sai wurin dokta.

Shi dokta mutum ne mai gaskiya, ya ce aikin shi shanu da jar akuya da kaji ne, aku jefi-jefi yake gani. Ya wanke raunin da betadin da aka surka har ya yi kalar shayi marar kauri, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta da na rage zafi gwargwadon nauyi, ya ce amma duk banza ne in bakin nan zai koma wurin, sai an tare shi. A Turai da Amurka ana saida kwalar tsuntsu a shirye, akwai ta roba mai kaman mazurari wadda suke kira da sunan Elizabet saboda irin faffaɗan wuyan rigar zamanin sarauniyar Ingila ta farko mai wanga suna, akwai mai kaman bututu da ke hana wuya lanƙwasa, akwai ta yadi mai laushi. Da iyaka a buɗe take da na sa an bincika min Kano a aiko ta Jibiya, amma iyakar Ɗan Isa a rufe, to sai abin da hannu ya iya.

Ga wautata. Na samo tsohon fim ɗin radiyo, irin baƙar robar nan da ake ɗaukar hoton ƙashi, dama likitoci na amfani da ita wurin wanga aiki. Na yanka da'ira kaman faifai, na huda tsakiya, na naɗe bakin hudar da filasta, na zagaya wuyan na haɗa. Sai dai na yi ta da faɗi ƙwarai don ina tsoron kar baki ya tsallake, kuma na sa ta tana kallon gaba, sannan na maida shi kejin shi yadda yake da sanda can sama, na ce ma yara su sa ido, na tafi gida ina jin na yi aiki. Abin da ban lissafa ba, aku ƙafa uku gare shi, na ukun baki ne, da shi yake kama ƙarfe ya hau ya sauka. Kuma ba ya cin abinci kaman kaza, da ƙafa yake ɗauka ya kai baki. Faifan nan ya raba baki da ƙafa, ya raba baki da ƙarfen keji, ya kuma tare mai ganin inda zai taka. Ya faɗo daga sanda, ya yi ta juyawa da baya yana wani gurnani da ban taɓa ji ba, da dare ya cusa farce tsakanin kwala da wuya ya maƙale, Allah ya sa ƙanwata ba ta yi barci ba. Na ce a ba shi lokaci zai saba, don gaskiya ne sukan yi hauka awannin farko su dawo. Kwana biyu bai saba ba. Kwanon abinci yadda aka zuba, kashi a ƙasan keji ɗigo biyu ne kore shar, alamar ciki ba komi. Muka auna, giram 398. Tsuntsu in ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyin shi an shiga haɗari, shi kuma cikin kwana biyu ya ci fiye da rabin hanya. Na sa almakashi na yanke ta, na zauna da shi a cinya ina ba shi kunu marar sukari da cokali, hannuna na rawa.

Dokta da ya ji bai yi min faɗa ba, ya ce "Malam, ai ba a sa wanga abu a juya baya." Shi ya kawo dabarar ta biyu. Kun san baƙin soson nan mai rami a tsakiya da masu haɗa kilim, injin sanyaya ɗaki, ke naɗe tiyo da shi? Shi muka samo guntu. Muka auna wuyan daga ƙarƙashin haɓa zuwa kafaɗa yana tsaye yadda ya saba, ba a miƙe ba, muka yanka daidai nan, muka tsaga gefe ɗaya, muka sassaƙe bakin ta gaba don kar ya danne bororo, wato jakar abincin nan da ke gindin wuya, in ta matsu abinci ba ya wucewa sai ya yi ta amai. Muka naɗe soson da bandeji mai laushi, muka sa, muka rufe tsagar ta bayan wuya. Ma'aunin shi ne ƙaramin yatsana ya shiga tsakanin soso da wuya, kwalar ta iya juyawa amma kar ta zame ta kai. Da wagga yana ganin ko'ina, yana kama ƙarfe da baki, yana kai ƙafa baki da ɗan wahala, abin da kawai ba ya iya shi ne duƙar da kai ya kai ƙirji. Muka sauke sanda ƙasa-ƙasa, muka shimfiɗa tsoffin zannuwa a ƙasan keji, muka sa kwanoni masu faɗi marasa zurfi muka ɗaga su daidai baki.

Wani jikan gwaggo ɗan shekara tara yana tsaye yana kallo, ya ce "Kai, Ɗan Duwala ma CEDEAO ta sa mai takunkumi." Ƙanwata ta ce ranar ce ta fara jin dariyar gwaggo tun rasuwa. Daga nan sunan ya bi abin, ba wanda ya ƙara cewa kwala a gidan.

Sai sharaɗin dokta, wanda ni a ganina shi ne ainihin maganin ko da ba da wanga nufi ya faɗa ba. Ya ce dole a samu babba da ido ke kan tsuntsun dare da rana, a ga ya ci, a ga ya sha, a ƙirga kashi. Yara na lakwal, ni ina wurin aiki, ƙanwata na da nata gida. Wa ke zaune cikin gida ba ta zuwa ko'ina? Mai takaba. Ban ma buɗe baki ba, ita ta ce "Ku kawo shi nan baranda, in shi mutu a lungu mi zan ce ma mai shi." Aka kawo kejin aka aje kusa da tabarmarta ran 8 ga Janairu.

Kwana tara bai ce uffan ba. Yana tsaye wuya a sandare kaman sojan fareti, ido kawai ke yawo. Gwaggo ke ba shi abinci da hannu, dafaffen karas, gwanda, ɗanyar masara, dafaffen wake, ganyen zogale, ɗan dafaffen ƙwai sau biyu a sati, da ɗigon manja bisa dankali tunda a kurmi ƴaƴan kwakwar manja na cikin abincinsu. Da farko watsar da su yake yana neman gujiya, sai ta gano in ta ci a gaban shi tana santi yana miƙo baki. Gujiya ta koma ƙwara biyar a rana, zaɓaɓɓu, kuma ba a kwano ba. Kullum da safe ina biyowa kafin aiki in auna, 398, 401, 400, 407, a haka yana hawa. Ina ɗaga bandejin in duba ko soso ya goge fata, duk kwana uku mu cire mu sa sabo. Akwai wahalhalu biyu da sai da muka gani muka sani. Aku in zai yi barci yakan juya kai ya cusa cikin gashin baya, da takunkumi ba hali, ga ƙirji tsirara ga ɗarin Janairu, dole da dare a shigar da kejin ɗaki a rufe gefe uku da bargo. Na biyu ba ya iya gyaran gashi, to sai mu ke yi mai, da hantsi in rana ta ɗaga a fesa mai ruwa mai ɗumi da kwalbar fesa, ban da kan raunin, a bar shi ya sha rana kaman minti 20 da inuwa kusa, don hasken ranar da ya taɓa jiki kai tsaye shi ke sa jiki ya yi bitamin D, ta gilashi ba ya aiki. Turaren wuta aka daina sa shi a baranda, maganin sauro na kunnawa ma haka. Ƙarfe takwas na dare a kashe mai fitila, aku na son barcin awa 10 zuwa 12.

Ran na goma ya yi kukan salular Alhaji. Da la'asar ya yi tarin. Ƙanwata ta ce ta tsaya cak tana jiran abin da zai biyo, gwaggo dai tana tsinkar zogale ba ta ɗaga kai ba, ta ce "Allah shi jiƙan ka, Alhaji", ta miƙa ma tsuntsun ganye.

Raunin ya yi ɓawo cikin kwana goma, sati uku ya rufe. Nan muka yi gardama da dokta, ni ina son a cire tunda an warke, shi ya ce a dakata, kuma shi ke da gaskiya. Sabon gashi in zai fito kaman ƙaya yake tsirowa cikin kube, da jini a cikin shi, yana ƙaiƙayi, in ka saki baki a lokacin cikin awa ɗaya zai tsige aikin wata guda, kuma in irin wanga gashi ya karye jini yake zubarwa. Amma barin takunkumin ma ba kyauta ba ne, duk ranar da ya ƙara tsuntsu na cikin ƙunci. Muka yi amfani da lokacin muka koya mai aikin baki. A daji yini suke neman abinci suna fasa ƴaƴan itace suna ɓare ɓawo, a keji kuwa minti goma ya ƙoshi sauran yinin ba abin yi sai jikin shi. Gwaggo ta fi ni dabara a nan, ta rataya mai goriba, ta saƙa kaba ta cusa gujiyar nan biyar a ciki sai ya yayyaga kafin ya samu, zangarniyar hatsi, totuwar masara, guntun rake da ɓawon shi. Goriba ɗaya takan ci mai yini biyu. Duk kayan nan ba su kai jika guda ba a kasuwa.

Ran 14 ga Fabrairu muka fara cirewa, awa ɗaya da hantsi bayan wanka gwaggo na zaune, in ya kai baki ƙirji ba a tsawa ba a ruga, don aku in ya gane figa na jawo mutane to ya samu sana'a, sai dai a miƙa mai goriba tun kafin ya fara. Awa ɗaya ta koma uku, ta koma yini, dare kawai ake sawa. Tsakani muka sa tela ya ɗinka mai ta yadi daga wani bargon gwanjo mai laushi wanda ba ya zare, da geza-geza tana sauka bisa ƙirji, ya tauna gezar maimakon gashi, jika biyu muka ba shi. Ta yi amfani kaman sati uku, kullum ana duba kashi ko yana haɗiyar yadin. Amma da azumi ya kama cikin Maris zafi ya taso, wata rana na tarar da shi baki buɗe yana haki fiffike a sake, tsuntsu ba ya zufa kuma mun naɗe mai wuya da bargo a garin da Afrilu ke wuce digiri 40. A take na cire, ba a ƙara sawa ba.

Ya ɗan koma sau ɗaya. Bayan ƙaramar Salla gwaggo ta tafi Tasawa kwana huɗu gaishe-gaishe, tunda takaba ta ƙare tun Janairu, kafin ta dawo ya tsige gashin cinya ɗaya. Yara suka ɗauko soso za su sa, na ce a bari, ba jini ba rauni, a dai zauna kusa da shi a ci gaba da wanka. Ta dawo ya bari. A lokacin ne wani abokin Alhaji ya kawo shawarar a sayo mai mata tunda iyaka ta buɗe, na ce Baba a yi haƙuri, na ɗaya ba mu da tabbacin namiji ne, na biyu baƙon aku na iya zuwa da cuta ko su yi ta faɗa, na uku tun taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannasbag aka sa irin wanga aku cikin jerin da aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, dokar ta fara aiki farkon 2017, saboda kamun da ake musu ya kusa ƙarar da su a wurare kaman Gana. Ya ce shi dai a zamaninsu ba a san wanga ba.

Aunin ƙarshe da na yi giram 440. Ƙirji ya rufe sai wani wuri kaman faɗin babban yatsa daidai inda raunin yake, nan gashi bai dawo ba kuma ba na sa ran zai dawo, tushen ya mutu. Kejin na baranda har yanzu, in gwaggo za ta yi tafiyar kwana ana kawo shi gidana ya yi ta kwaikwayon kukan tantabaru. Soson yana cikin wata kwalla a ɗakinta tare da kayen da na rubuta nauyi, ta hana a yar. Da hunturun bana ya fara busowa na kira in tuna mata zancen kwalbar fesa, ta ce ta fashe tun da damina, da buta take yi mai in ta gama alwalar azahar.